Wata uku da Task Manager a tsohuwar kwamfuta

Kwamfutata ta kwana biyu. RAM ɗinta, wato ma'adanar wucin gadi da manhajoji ke aiki a ciki, gigabayit 4 ne kacal, faifanta irin na da ne mai juyawa, kuma Windows 10 ne a kanta. Da zarar na haɗa burauza da Word da manhajar taron bidiyo, sai fanka ta hau kuka, linzami ya daskare, in na danna harafi sai ya yi shawara kafin ya fito a allo.

Da farko wata manhajar share RAM na sauke, ba sai na kama sunanta ba. Tana da wani ƙaton maballi, kana dannawa za ta ce ta ƙwato maka wuri mai yawa. Na yi ta murna har kwana biyu, sannan na lura cewa bayan kowace shara kwamfutar ƙara nauyi take. Ashe ba ta rufe komai. Tilasta wa Windows take ya kwashe bayanan manhajoji daga RAM ya zuba a faifai, cikin fayil ɗin pagefile.sys. Kana komawa kan manhajar sai an sake ɗebo su, kuma faifai bai kama ƙafar RAM ba wajen sauri. Ga manhajar sharar ita ma zaune a ɓoye tana cin nata rabon. Na cire ta.

Daga nan na koma kan Task Manager, mai nuna manhajojin da ke aiki a kwamfuta, wanda yake cikin Windows tun 1996, lokacin NT 4.0, kuma Dave Plummer ne ya fara rubuta shi. Ctrl da Shift da Esc ake dannawa a tare ya buɗe. Abin da ya fi burge ni shi ne yana nuna maka mai cin da sunansa. Ka danna kan layin Memory, ya jera maka manhajoji daga babban maci zuwa ƙarami, launin kuma yana ƙara duhu gwargwadon cin.

A nan na ga abin da ban taɓa zato ba. Manhajoji uku da na tabbata na rufe suna nan da ransu. Danna X ba ya kashe wasu, sai dai su lallaɓa su maƙale a gefen agogo. Burauza kuwa ita ce uwar tafiya, don Chrome, burauzar da nake amfani da ita, yana raba shafuka da ƙarin manhajojin da aka ɗora masa zuwa ayyuka daban-daban. Yana da nasa ɗan Task Manager ɗin, Shift da Esc ke buɗe shi, kuma da shi na kama wani shafi ɗaya mai tallan bidiyo da na manta a buɗe tun safe. Ina rufe shi fanka ta yi tsit.

Sai dai wuƙar tana da kaifi, kuma na yanke da ita. Maballin End task ba ya tambayarka ko ka adana aikinka. Sakin layi huɗu na rasa a haka. Wata rana kuma karambani ya sa na kashe Windows Explorer, sai layin ƙasan allo da duk gumakan suka ɓace. Gabana ya faɗi. Ashe gyaran ba wuya: a cikin Task Manager ɗin za ka shiga File, ka zaɓi Run new task, ka rubuta explorer.exe, komai ya dawo. Inda nake ganin ya gaza shi ne sunaye. Mutum zai ga svchost, ɗaya daga ayyukan Windows, a jere fiye da goma, babu bayanin da zai gamsar da wanda ba ma'aikacin kwamfuta ba. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: duk abin da ke rukunin ayyukan Windows ba na taɓa shi.

Riba mafi girma ma ba daga rufewa ta zo ba, daga shafin Startup ta zo, wanda aka ƙara tun Windows 8 a 2012. Yana nuna manhajojin da ke tashi da kansu duk sanda aka kunna kwamfuta, da irin nauyin da kowace ke ɗorawa. Na hana biyar tashi, har da manhajar firintar da na daina amfani da ita tuntuni. Yanzu ba sai na bi su ɗaya bayan ɗaya kowace safiya ba.

Gigabayit 4 dai yana nan a gigabayit 4. Har yanzu in zan shiga taron bidiyo sai na rufe burauza tukuna, kuma na duba na ga kwamfutar tana da gurbin RAM guda da babu komai a ciki.