Kyamarar RealSense D435 a wurin da fari da baƙi suka haɗu

Kyamarar RealSense D435, wadda kamfanin Intel ya fitar a farkon 2018 a kan dala 179, tana cikin na'urorin auna nisa da suka fi yawa a hannun masu ƙera mutum-mutumi da ɗaliban injiniya. Sashen da ke ƙera ta ya balle daga Intel ya zama kamfani mai zaman kansa a 2025, amma kyamarar da manhajarta ta librealsense suna nan yadda aka san su. Wannan sharhi ya taƙaita ne a kan tambaya guda, wadda takardar talla ba ta cika tsayawa a kanta ba: yaya kyamarar take yi idan abu mai tsananin haske da abu mai tsananin duhu suka shigo gabanta a lokaci ɗaya?

Sai an fahimci yadda take auna nisa kafin a gane inda matsalar take. Tana da idanu biyu masu tazarar milimita 50 a tsakaninsu, kuma dukansu suna ganin hasken da muke gani da kuma hasken infirared, wanda idon mutum ba ya gani. Tsakanin idanun akwai fitilar lesa da ke watsa ɗigo-ɗigon infirared a kan abin da ke gaba, domin ko bango mai santsi ya samu alamun da za a kama. Wani ɗan guntun kwakwalwa a cikinta, mai suna D4, shi ke neman kowace alama a hoton hagu da na dama, ya auna yadda ta gusa, daga nan ya fitar da nisa. Idan wani sashe na hoton ya ƙone da haske har ya zama fari fat, ko ya nutse ya zama baƙi ƙirin, babu sauran alamar da za a gwada, sai kyamarar ta rubuta sifiri a wurin. A manhajar RealSense Viewer waɗannan wurare suna fitowa ne a matsayin baƙaƙen ramuka a cikin taswirar nisa, kuma ga mutum-mutumin da ke tafiya, rami yana nufin bai san ko akwai abu a gabansa ba.

A ɗauki misalin ƙofar sito da rana tsaka. A bakin ƙofa an ajiye farin kwali wanda aka naɗe da leda mai ƙyalli, rana tana dukansa, a can ciki kuma cikin inuwa akwai baƙar tayar mota a jingine da bango. Kyamarar tana zuwa ne da tsarin da ke daidaita lokacin shan haske da kansa, kuma abin da tsarin yake nema shi ne matsakaicin hasken hoton ya kai wani mizani da aka ƙayyade. A ɗaki mai haske bai ɗaya wannan yana aiki lafiya lau, ba ni da abin cewa a kansa. A ƙofar siton kuwa, matsakaicin ba ya wakiltar kowa, domin lokacin da aka zaɓa ya yi wa kwalin yawa, ya kuma yi wa tayar kaɗan, kamar mai sulhun da ya raba gardama biyu ya tashi bai gamsar da ko ɗaya ba. Saman kwalin zai fito da rami, tayar kuma za ta fito a yayyage, gefunanta suna ɓacewa suna dawowa daga hoto zuwa hoto. Wannan iyaka ce ta kowace kyamara mai aiki da idanu biyu, don haka abin da ya kamata a auna D435 da shi shi ne irin damar gyara da take bai wa mai amfani da ita.

A nan ne ta burge ni. Abu na farko, kuma wanda ya fi sauƙi, shi ne ana iya zana akwati a kan hoton a ce wa kyamarar ta daidaita haskenta da abin da ke cikin akwatin kawai. Mutum-mutumin da ke yawo a waje bai damu da sararin sama ba, don haka idan aka taƙaita akwatin a rabin hoton na ƙasa, hasken sama ya daina rinjayar lissafin, ƙasar da ake takawa kuma ta fito a cike. Gyara ne na minti ɗaya, kuma a ganina yawancin masu kuka da ramuka a nan maganinsu yake.

Sai daidaitawa da hannu. Lokacin shan haske ana ƙidaya shi ne da maikurosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, kuma ƙimar da take zuwa da ita 8500 ce, yayin da ƙarfafa sigina yake farawa daga 16. Shawarar da ta fi inganci ita ce a bar ƙarfafa sigina a ƙasa a riƙa wasa da lokacin, saboda ƙarfafawar tana haskaka hoto amma tana ƙara masa tsakuwa-tsakuwa, ita kuma wannan tsakuwar tana ruɗar da lissafin gwada hagu da dama. Akwai kuskuren da ke yawan faruwa a wannan mataki: mutum ya kalli hoton launi ya ga komai tsaf, ya ɗauka haske ya daidaita. Idon launi na D435 daban yake, da nasa saitin, ba shi ke auna nisa ba. Hoton infirared na hagu shi ne ya kamata a buɗe, a duba inda ƙimar hasken ƙwayoyin hoton ta kai ƙololuwa ta 255 da inda ta faɗi kusa da sifiri. Wanda ya saba kallon wannan hoton zai ma lura da wani abin mamaki, wato wasu baƙaƙen yadudduka suna fitowa da haske a infirared, alhali baƙar roba tana nan a duhunta, saboda haka launin da ido ya gani ba koyaushe yake faɗin gaskiyar abin da kyamarar za ta gani ba.

Fitilar lesa tana zuwa a kan miliwat 150, kuma ana iya ɗaga ta har 360. Ga baƙar tayar da ke cikin inuwa, ɗaga ta yana taimakawa a zahiri, domin roba tana shanye yawancin hasken da ya sauka a kanta, kuma ƙarin ƙarfi yana sa ɗigon su dawo da ɗan abin da za a gani. Amma idan farin abu mai ƙyalli yana kusa, ɗigon suna kumbura su haɗe da juna su ƙone wurin. A cikin rana kuwa ba a ganin ɗigon sam, sai dai kyamarar ba ta mutuwa saboda haka, tunda tana komawa ga zanen da ke jikin abubuwa. Wannan fifiko ne a kan kyamarori irin Azure Kinect da L515, waɗanda suka dogara kacokan ga hasken da su da kansu suka aika, hasken rana kuma yana danne shi.

Babban makamin shi ne HDR, wato dabarar haɗa hotuna biyu masu lokacin shan haske daban-daban, wanda aka ƙara wa manhajar a 2020. Kyamarar tana ɗaukar hoto ɗaya da dogon lokaci, na biye da gajeren lokaci, tana ta karɓa-karɓa, sannan wata matatar da ke aiki a kan kwamfuta, mai suna HDR Merge, ta haɗa taswirorin nisan biyu. Tana duba hoton infirared ta ɗauki kowace ƙwayar hoto daga hoton da bai ƙone ba kuma bai nutse ba, shi ya sa yake da kyau a bar infirared a kunne. A misalin sito, tayar za ta fito daga dogon hoton, kwalin kuma daga gajeren. Tsarin yana aiki a D435 da 'yan uwanta D435i da D455, waɗanda idanunsu ke ɗaukar dukan hoto a tashi ɗaya, amma ba ya aiki a D415 mai ɗauka layi bayan layi, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin fifita D435 ga mai fama da haɗuwar fari da baƙi.

Duk da haka ba na ba da shawarar a fara da HDR. Kowace haɗaɗɗiyar taswira tana cin hotuna biyu, kuma idan ana ɗaukar 30 a daƙiƙa, tazarar da ke tsakaninsu ta kai kusan milisakan 33, wanda ya ishi hannun ma'aikaci ko kwalin da ke kan bel ya gusa, sai gefensa ya fito biyu ko a karkace. Ɗaga gudun zuwa 60 ko 90 a girman hoto na 848 da 480 yana rage matsalar, amma yana taƙaita tsawon lokacin da dogon hoton zai iya ɗauka, wato abin da baƙin abu ya fi bukata. Ban da haka, mai amfani ne yake zaɓar dogon lokacin da gajeren da kansa, saitin da ya dace da hantsi kuma ba lallai ya dace da la'asar ba. Hoton infirared ma yana walƙiya tsakanin haske da duhu, abin da ke dagula duk wata manhaja da ke bin sa don gane motsi, sai an tace an ɗauki ɗaya daga cikin biyun.

Ga wanda aikinsa a tsaye yake, kamar auna kaya a kan tebur ko hannun mutum-mutumi mai tsinto ƙarfe mai sheƙi da baƙar roba daga akwati guda a tazarar da ba ta wuce mita 3 ba, D435 da HDR ɗinta sun cancanci kuɗinsu. Wanda mutum-mutuminsa ke gudu a fili ya dogara da akwatin daidaita haske, ya kuma duba D435f, wadda aka sa wa matatar da ke tare hasken da ido ke gani don ɗigon lesa su fi fitowa, ko D455 mai tazarar milimita 95 tsakanin idanunta idan yana bukatar hango nesa. Gilashi da madubi da ruwa kuwa matsalarsu ba ta lokacin shan haske ba ce, kuma babu saitin da ke cikin wannan kyamara da zai warware ta.