Kamfanin gyaran takardun ERAS: abin da kuɗina ya saya da abin da bai saya ba

Ƙannenmu likitoci na Gombe da Bauchi sun dame ni da tambaya guda: shin ya dace a biya kamfanonin nan na intanet masu cewa za su riƙe wa mutum hannu har ya samu gurbin residensi, wato horon ƙwarewa na likita a asibiti, a Amurka? Na biya ɗaya daga cikinsu a kakar 2025. Babban kunshinsu na saya, mai komai da komai, dala 900, a lokacin da dala ta haura naira 1,500, da rancen da na ci a kofaretib ɗin wurin aiki. Ba zan kama sunansu ba, tallarsu dai ta ishi duk wanda ya taɓa neman bayani kan USMLE, jarrabawar lasisin aikin likita a Amurka, a waya. Abu biyu a cikin kunshin sun ci kuɗinsu. Sauran, da na bar kuɗin a aljihu da ya fi min.

Da farko a gane cewa kamfanin ba shi da wata ƙofa ta bayan gida. ERAS dandali ne na neman gurbin residensi, na ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC. Mu da muka yi karatu a waje, ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, ita ce ke sayar mana da lambar shiga. Ka cike bayananka sau ɗaya, ka tura wa asibitocin da ka zaɓa. Rabon gurabe kuwa aikin wata hukuma ce daban, NRMP, da rajistarta daban da kuɗinta daban. Kamfanin yana gefenka ne kawai yana ba ka shawara, duk wani maɓalli kai za ka danna.

Abin da na fi yaba musu shi ne jerin asibitoci. Matar da aka haɗa ni da ita, likita ce da ta bi wannan hanyar daga wata ƙasa, tambayarta ta farko ita ce shekarar da na kammala jami'a, ba makina ba. Ta san inda gizo ke saƙa. Ɗan Najeriya yana gama digirin likita, MBBS, sai hawus-job, wato shekarar horo a asibiti, sai bautar ƙasa, sai ya kama aiki ya tara kuɗin jarrabawa, kafin ya ankara shekara biyar ta shige. Asibitoci da dama kuma suna tace masu nema ta wannan shekarar, takardarka ba za ta ma kai gaban mutum ba. Wasu ba sa ɗaukar mai buƙatar biza sam. Wasu bizar J-1 kawai suke karɓa, wadda ECFMG ke ɗaukar nauyinta, wasu ƙalilan na yin bizar aiki ta H-1B, ita kuma sai ka ci Step 3, matakin ƙarshe na USMLE. Ta zauna ta jefar da fiye da rabin jerin da na haɗa da kaina, ta gaya min dalilin kowanne.

Wannan tacewar kuɗi ce tsaba. A kakar da na nema, kowane asibiti dala 11 ne har zuwa 30 na farko a fanni guda, daga na 31 kuma dala 30 kowanne. Mai tura wa asibitoci 100 zai biya dala 2,430, ban da dala 80 ta tura sakamakon USMLE. Ku lissafa da naira, ku kwatanta da albashin likita a asibitin jiha. Ita ce kuma ta nuna min yadda ake kashe sigina, alamar da kake aika wa asibiti cewa shi kake so da gaske. A fannin cututtukan manya, a kakar 2025 an ba da uku na zinariya da goma sha biyu na azurfa. Ni da niyyata in watsa su ga manyan sunayen da kowa ya sani. Ta ce in kai su inda ake ganin baƙi irina a jerin ma'aikatansu na yanzu, in buɗe shafin kowane asibiti in ga daga ina likitocinsu suka fito. Gaskiya ne, yawancin wannan bayani yana nan kyauta a shafukan bayanan asibitoci na Residency Explorer da FREIDA ga mai haƙuri da isasshen data. Abin da ba ya can shi ne sanin asibitin da ya rubuta yana karɓar baƙi amma bai cika kiran kowa ba, ita kuwa ta sani daga waɗanda suka ratsa ta hannunta.

Wasiƙar bayyana kai ce ta ɓata min rai, a kanta kuma suka fi cika baki. Na yi aiki a Kaltungo, kuma duk likitan da ya yi damina a can ya san abin da kububuwa take yi wa manomi. Abin da na rubuta ke nan. Yadda ake kawo mutum a babur daga ƙauyukan Shongom ko Billiri, ƙafa ta kumbura, dasashi na zubar da jini. Yadda muke ɗibar jininsa kaɗan mu zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mu ajiye minti ashirin, in aka karkata bai daskare ba mu sa maganin dafi, bayan awa shida mu sake gwadawa. Yadda nake zama da dangi in roƙe su su kwance igiyar da suka ɗaure ƙafar da ita, su daina tsaga wurin. Na rubuta cewa a nan na koyi yanke hukunci da abin da ke gabana, ba tare da jiran sakamakon da ba zai zo ba.

Da wasiƙar ta dawo daga mai gyaransu, ban gane kaina ba. An cire kwalbar, an cire babur, Kaltungo ta koma “wani yanki mai ƙarancin kayan aiki”. An buɗe da cewa tun ina yaro nake sha'awar taimakon marasa lafiya, maganar da ban taɓa faɗa musu ba. Turancin ya yi santsi, babu shakka, amma kamar riga ce ta gwanjo, za ta shiga kowa kuma ba a ɗinka wa kowa ita ba. Na rubuta musu cewa wannan ba tawa ba ce. Amsar ita ce haka masu zaɓe suke so. Zagaye biyu na gyara kunshin ya ƙunsa, na uku sai da ƙarin kuɗi, kuma da watan Agusta ya kama kowace amsa sai ta haura mako, don kowa a lokacin yake rububi. Na koma kan tawa, wata abokiyar aiki mai kyan Turanci ta gyara min nahawu a zama ɗaya, na ɗauki shawarar kamfanin guda ɗaya tak, wato kada ta wuce shafi guda. A intabiyun da na samu, babu wanda bai tambaye ni batun maciji ba.

A gurabe goma da ERAS ke bayarwa don lissafa ayyukan da mutum ya yi, inda ake ware uku mafi muhimmanci a ƙara musu bayanin haruffa 300, gyaransu ba laifi. Sun iya matse magana. Sun kuma gargaɗe ni da kyau cewa da zarar na tabbatar na tura, ba sauran gyara sai bayanan tuntuɓa.

Kan wasiƙun shaida kuwa, ba su san yanayinmu ba ko kaɗan. Abin da suka iya shi ne matsa min in sayi zaman kallo, wato in je in kalli yadda likitoci ke aiki, a wani asibitin Amurka ta hannun abokan hulɗarsu, a kuɗin da ya ninka na kunshin, ba su ma tambayi ko ina da biza ba. Yadda zan shawo kan konsoltan, babban likita, a nan gida ya rubuta min, ni na san na yi. Da na je wa tsohon maigidana, cewa ya yi, “Dokta, rubuto kawai in sa hannu ka tafi da ita.” Na ce, “Ranka ya daɗe, ba a yarda ta biyo ta hannuna ba. Kai za ka ɗora a shafinsu da kanka, ko wanda ka wakilta.” Ya yi dariya ya ce ashe ba su yarda da mu ba ke nan, sannan ya kira sakatarensa. Huɗu kawai ake tura wa kowane asibiti, kuma namu sai sun bi ta ECFMG ta duba, abin da ke cin kwanaki. Asibitoci sun fara buɗe takardu ranar 25 ga Satumba 2024, ƙarfe biyu na rana agogonmu, wanda wasiƙarsa ba ta shiga ba ya fara da gurguwar takarda. Haka batun MSPE, takardar da makaranta ke rubutawa kan ɗalibinta. Shawararsu ita ce in aika imel ofishin shugaban tsangaya in jira. Ni kuwa mota na shiga na je makarantar da kaina.

Abu na biyu da ya ci kuɗinsa shi ne gwajin intabiyu ta Zoom. Nan kam sun yi min aiki. An ɗauki bidiyon aka mayar min, na ga kaina ina sunkuyar da kai duk lokacin da mai tambaya ya yi magana, yadda aka rene mu a gaban manya. Aka ce can wannan alamar rashin tabbas ce, in kalli kyamara. Aka tambaye ni abin da na fi ƙwarewa a kai, na tsaya kame-kame, don yabon kai jahilci muka taso muna ji. Mai gwajin ya sa na maimaita amsar har ta fito ba kunya ba kuma alfahari. Ya kuma hana ni dogon sharar fage, ya ce minti biyu ya ishi kowace amsa. Illar gwajin ɗaya ita ce lokaci. Guraben da suka rage mana tsakar dare ne a nan, sai na ajiye cajin inbata tun magariba, na roƙi maiɗakina ta kai yara ɗaya ɗakin.

Sai batun mayar da kuɗi, wanda ke rubuce da manyan baƙaƙe a shafinsu. A zagayen nan ban samu gurbi ba, kuma ban ɗora musu laifin wannan ba. Cikin baƙi irinmu da suka kai ga jera zaɓinsu a NRMP, waɗanda ke samu ba su kai kashi 60 cikin ɗari ba, babu kamfanin da zai canja wannan. Amma ranar Litinin ɗin makon sakamako, 17 ga Maris 2025, da saƙon ya shigo, aka buɗe SOAP, wato cike guraben da suka rage inda ake ba mutum damar tura wa asibitoci 45, sai na tarar taimakon wannan makon ba ya cikin kunshin “komai da komai”. Sabon ciniki ne. Da na nemi a mayar min da kuɗi, aka nuna min sharaɗin da ke can ƙasa: sai wanda ya tura wasiƙar da suka gyara ba tare da canja ko kalma ba, ya kuma nemi adadin asibitocin da suka ƙayyade. Ni wasiƙata na tura.

Suna sayar da jerin asibitoci da gwajin intabiyu daban-daban, sai dai ba a fuskar shafin ba, sai ka tambaya ta imel. Biyun a haɗe ba su kai rabin abin da na biya ba. Wanda zai saya ya saya tun watan Yuni kafin layi ya yi tsawo, ya kuma nemi a haɗa shi da likitan da ya yi karatu a wajen Amurka, don a cikin ma'aikatansu akwai waɗanda ba su taɓa jin hawus-job ba.