Na'urar awon hawan jini ta gida: wacce ya kamata ka saya?

Hawan jini ciwo ne mai ɓoye kansa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna masu shi sun ninka, daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna ɗauke da shi ba. Shi ya sa nake ganin duk wanda likita ya ce jininsa ya hau, ko ciwon yana cikin danginsu, ya kamata ya ajiye na'urar awo a gida. Amfaninta ba zato ba ne: a binciken TASMINH4 da aka buga a Ingila a 2018, waɗanda aka daidaita musu magani bisa awon da suke yi da kansu sun fi samun saukar jini bayan shekara guda.

Ta hannu mai famfo da agogo, wadda ake haɗawa da abin sauraron bugun zuciya, a bar wa ma'aikatan jinya. Sai da horo, kuma ba ka iya yi wa kanka da kyau.

Zaɓin gaske yana tsakanin ta damtse da ta wuyan hannu. Ta wuyan hannu ƙarama ce, ba wahalar ɗaurawa, amma da hannu ya ɗan sauka ko ya haura daidai zuciya sai lamba ta canza. Tana da ranarta ga mutumin da damtsensa ya fi ƙarfin kowane maɗauri. Ban da wannan, ta damtse mai aiki da batir ita ce zaɓina, ita kuma likitocin zuciya suka fi ba da shawara. Agogon hannu da ake cewa yana awo ba tare da matse hannu ba kuwa, kada ka dogara da shi wajen shan magani.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin na'urorin da ke kasuwa ba a taɓa tantance su a kan mutane ba. Masu bincike a Ostireliya sun duba iri 972 da ake sayarwa ta intanet, suka fitar da sakamako a 2020: a cikin na damtse kashi 18 cikin 100 ne kawai aka tantance, na wuyan hannu kashi 8, agoguna 532 kuwa ko ɗaya babu. Don haka kafin ka biya, ɗauki sunan kamfani da lambar samfurin ka nema a jerin STRIDE BP, shafin intanet da ke lissafa na'urorin da aka tabbatar suna awo daidai. Kyan kwali ko tsada ba shaida ba ce.

Sai girman maɗaurin, wanda mutane da yawa ba sa ma tambaya. A gwajin da jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta buga a 2023, masu kaurin damtse sosai da aka auna da maɗauri matsakaici, lambarsu ta sama, wato ta farko a cikin lambobi biyun da awo ke bayarwa, ta ƙaru da kusan 20. Ka ga lafiyayyen mutum na iya komawa mai shan ƙwayoyi saboda ƙyalle ya yi masa kaɗan. Auna kewayen tsakiyar damtsenka da tef, ka gwada da santimitocin da ke jikin kwalin. Mai juna biyu, da wanda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai, su nemi wadda aka tantance musamman don irinsu.

Ma'ajiyar sakamako tana da amfani; haɗawa da waya ƙari ne kawai, littafi da biro sun wadatar. In ka saya, kai ta asibiti a gwada ta da tasu. A gida, zauna ka huta minti 5, ka jingina baya, ka ɗora hannu kan tebur daidai zuciya. Wani gwajin na Johns Hopkins a 2024 ya nuna sakin hannu a gefe yana ƙara kusan 6.5 a lambar sama. Idan matsakaicin awonka na mako ya kai 135/85, kai wa likita abin da ka rubuta, kada ka ƙara ko ka rage magani da kanka.