Zanzibar ko Maldibs: wanne ya dace da Afrilu, wanne ya dace da Agusta?

Hajiya, na ga tambayarki. Kin ce ke da maigida hutun mako guda za ku samu, ko dai a Afrilu ko a Agusta, kuma hankalinku ya rabu tsakanin Zanzibar da Maldibs. Shawarata ita ce ku fara tsayar da watan, shi zai nuna muku tsibirin. Idan Afrilu ne, ku nufi Maldibs. Idan Agusta ne, Zanzibar. Ga dalilina.

Duka biyun a Tekun Indiya suke, amma iskar da ke kai wa ɗaya ruwa ba lokaci guda take kai wa ɗayan ba. Zanzibar damina biyu gare ta. Babbar, wadda mutanen wurin ke kira masika, tana kamawa daga tsakiyar Maris har ƙarshen Mayu, kuma Afrilu ne tsakiyarta. Ruwan da ke zuba a wannan wata kaɗai yakan haura milimita 300. Ƙaramar kuwa, vuli, wajen Nuwamba zuwa Disamba take, ita ba ta da nauyi sosai. Daga Yuni zuwa Oktoba sama takan washe, zafi ya ragu, rana ta tsaya wajen digiri 28 ko 29. Maldibs kuwa shekararta kashi biyu ce: iruvai, lokacin rani, daga Disamba zuwa Afrilu, sai hulhangu, lokacin ruwa da iska, daga Mayu zuwa Nuwamba. Kin ga ke nan watanninku biyu sun faɗo a inda tsibiran suka juya wa juna baya.

Ni da kaina na taɓa zuwa Zanzibar a ƙarshen Afrilu, don na ga kuɗin otal ya faɗi warwas. Na yi zaton irin ruwan nan ne da zai zuba awa guda ya ɗauke. Ina! Kwana uku a jere ba mu ga rana ba. Lungunan Stone Town, tsohon garin Zanzibar, suka koma kamar magudana, ruwa har idon sawu, rigar da na shanya a ɗaki kuwa ta kwana biyu tana nan da danshinta. Mai jirgin da zai kai mu kallon kifi ya dubi teku ya girgiza kai, ya ce yau ba fita. Shi ya sa wasu otal-otal na bakin teku ma rufewa suke yi a Afrilu da Mayu su yi gyare-gyare. Arahar gaskiya ce, amma mai mako guda tak bai kamata ya yi caca da shi ba.

A wannan watan dai Maldibs tana cikin ƙarshen raninta. Teku kwance lumui, ruwa garau har kina hango ƙasa daga cikin jirgi. Abu biyu zan ja kunnenki a kai. Afrilu na cikin watannin da suka fi zafi a can, gumi sai wanda ya gani. Sannan ku yi ƙoƙari tafiyar ta faɗo a rabin farko na watan, domin da an doshi Mayu iska ta fara juyawa, hadari ya fara leƙowa. Ku kuma duba ranar bikin Ista na shekarar, don a makonsa Turawa kan cika wurin, farashi ya ɗaga.

To, idan Agusta ne fa? Nan Zanzibar take sharafinta. Da dare har iska mai daɗi ake samu, ana iya yawo a gari da rana ba tare da an jigata ba. Sai dai akwai abin da hotuna ba sa nunawa, kuma a ganina ya fi zaɓen otal muhimmanci: wane ɓangare na tsibirin za ku sauka? A gabas, wato su Paje da Jambiani, teku na janyewa ya yi nisa sau biyu a kwana guda. Za ki fito da safe ki tarar ruwan da kika bari a bakin otal jiya ya koma can nesa, ya bar farin yashi da ƴan kududdufai, mata na tsugune suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiya, don nomanta suke yi. Abin kallo ne mai kyau ƙwarai, amma mai son shiga ruwa dole ya jira awanni kafin ya dawo. Janyewar ta fi tsanani a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 ko 15 ga wata, don haka kalandar Musulunci ma za ta taimake ki. Ga kuma iskar kusi da ke kaɗowa daga kudu maso gabas a wannan lokaci, tana bugun wannan gaɓa sosai. Nungwi da Kendwa, can arewa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga Stone Town, su ruwansu ba ya gudu haka, kusan kowane lokaci ana iya shiga. Can zan ce ku sauka. Ku kama ɗaki da wuri, Agusta lokacin cunkoso ne.

Ba na cewa Maldibs a Agusta asara ce. Sau da yawa ruwan zai kwarara ne ya wuce, rana ta fito, kuma kuɗin masauki ya fi sauƙi. A lokacin ne ma kifayen manta, masu faɗin fiffike, ke taruwa a mashigin teku na Hanifaru da ke yankin tsibiran Baa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren da ake karewa a 2011. Wanda wannan ne burinsa, damina ce lokacinsa. Amma ki yi tunanin ranar da hadari ya ƙi ɗaukewa. Ƙasar tsibirai ce ƙanana kusan 1,200, otal da yawa kowanne tsibirinsa daban, wasu a minti 15 kin zagaye su da ƙafa. In ruwa ya tsuge, daga ɗaki sai wurin cin abinci. A Zanzibar kuwa ko sama ta ɓaci akwai gari mai tarihi, akwai gonakin kanumfari da kirfa, akwai dajin Jozani da jajayen biransa.

Sufuri ma yana bin yanayi. Daga filin jirgin saman Velana da ke kusa da Male, babban birnin Maldibs, ko dai a ɗauke ku a jirgin ruwa mai gudu, ko a ƙaramin jirgin sama mai sauka kan ruwa. Shi na biyun da rana kawai yake tashi, don haka in kun iso da dare sai kun kwana kusa da filin jirgi. Jirgin ruwan kuwa in teku ya tashi yana jijjiga mutum sosai. Idan kina yin jiri, ki tafi da magani.

Batun sallah da abincin halal kada ya dame ku, duka wuraren biyu Musulmi ne suka fi yawa. A Maldibs, tun 2009 aka ba da damar buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da ƴan ƙasa ke zaune, irin su Maafushi. Sun fi araha nesa ba kusa ba, ga masallaci a kusa, sai dai jiragen fito na gwamnati ba sa aiki ranar Juma'a. Bizar kwana 30 a filin jirgi ake ba masu yawon buɗe ido. Zanzibar kuma tun Oktoba 2024 ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dala 44 kowane baligi, kuma akwai sauro, a ga likita kan maganin maleriya kafin tafiya.

Kada alamar hadari da wayarki ke nunawa kullum ta tayar miki da hankali. A irin waɗannan wurare ko yayyafin minti goma ake sa rai, alamar ruwa za ta sa wa yinin gaba ɗaya. Kafin ku biya kuɗi, ki rubuta wa otal ɗin ki tambaye su ko ana iya ɗaga ranar zuwa ba tare da tara ba, kuma su ba ki amsar a rubuce. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.