Ranar da na'urar gashi ta lalace a Manchester

Masu ta kira kuna tambayar jiki, Allah ya bar zumunci. Jiki alhamdu lillahi, an gama gashin ciwon daji, sai ragowar gajiya. Amma akwai abin da ya faru a tsakiyar jinyar nan da har yau ya ƙi fita daga raina.

Bayan an yi mini aikin sankarar mama, likitoci suka ce sai an bi da gashi, wato a riƙa haska wurin da na'ura don kashe ragowar ciwon, Litinin zuwa Juma'a, a huta Asabar da Lahadi. Wata safiya ina ɗaura ɗankwali, maigida har ya tayar da mota, sai waya ta yi ƙara. Ma'aikaciyar asibiti ce, ta ce na'urar da ake sa ni ta samu matsala, injiniyoyi suna kanta. Gabana ya faɗi, na zauna a bakin gado ina salati. Ni a sanina, in aka ce na'ura ta lalace, to a koma gida sai an neme ka. Kafin in ce uffan matar ta ci gaba, wai tana ba ni haƙuri, an mayar da ni wata na'urar a ɗakin da ke kusa, in zo ƙarfe biyu na rana. Har tana tambaya ko lokacin zai hana ni ɗauko yara daga makaranta. Haƙuri fa, a kan jinkirin da bai kai wuni ba!

Da na ajiye wayar kuka na yi, maigida ya ɗauka mummunan labari ne. Gwaggona na tuna, Allah ya jiƙanta. Gona aka sayar aka kai ta wani asibitin koyarwa mai nisa, 'yarta tana kwana a baranda. An fara mata gashi ke nan na'ura ta tsaya, aka ce ana jiran wani ƙarfe daga waje. Aka yi ta sintiri har kuɗin ya ƙare a mota da abinci. Sai a nan na fahimci irin cutar da aka yi mata: da gangan ake raba gashin kaɗan-kaɗan kullum, don lafiyayyen nama ya farfaɗo a tsakani, kuma in aka bar dogon giɓi ciwon ne ke samun sararin sake tofowa. Shi ya sa a nan ko rana ɗaya aka rasa sai an rama ta. Mu kuwa can gida, ƙasa guda, na'urorin da ke aiki ba su taka kara sun karya ba, masu hannu da shuni sun tafi Masar da Indiya, talaka an ce ya yi haƙuri.

Shi kansa gashin, sunan ne mai ban tsoro. Za ki kwanta a wani siririn gado mai tauri, hannuwa a saman kai. Tun ranar awo sun ɗiga mini ɗigo uku na tawada a fata, kowanne bai kai ƙwayar gero ba, da su suke saita jiki daidai da hasken da ke fitowa daga bango. Sai su fita su rufo ƙofa mai kauri, ki ji murya ta lasifika: ja numfashi, riƙe. Da yake nawa a hagu ne, riƙe numfashin ke nesanta zuciya daga hasken gashin. Na'urar ta zagayo tana ƙugi, ba zafi, ba wuta, ba a kai kwata awa ba an sallame ki. Daga baya ne fatar wurin ta yi duhu tana ƙaiƙayi, ga wata gajiya da barci ba ya maganinta. Wadda ta turo mini saƙon murya cewa kada in bar auta ya kwanta kusa da ni, ba gaskiya ba ne. Irin wannan gashin ba ya barin komai a jiki.

Kada kuma ku ɗauka aljanna ce. Kyautar NHS da kuke ji, wato hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya, yawancinmu masu biza fam 1,035 kowane baligi ke biya duk shekara, ban da haraji. Ganin likitan unguwa kuwa, sai kin tsare waya tun ƙarfe takwas na safe, ki yi ta jira, a ƙarshe a ce gurbi ya cika. Ga kaɗaici. A ɗakin jira nakan ga wani tsoho Bature, shi kaɗai yake zuwa a bas, shi kaɗai yake komawa. Maƙwabciyata ta jikin bango har na gama ba ta san ina ciwo ba.

Matan Hausawan garin nan ne suka rufa mini asiri. A WhatsApp suka raba kwanaki: wannan ta kai ni ranar da maigida ke aiki, waccan ta ɗauko yara, wata ta aiko da tuwo da miyar kuka. Wata Hajiya 'yar zangon Kumasi kullum da kokonta a fulas, tana cewa "ƙanwata, sha ko ba daɗi." Duk da haka na yi kewar dubiyar gida, tsakar gida cike da takalma, ana sannu ana addu'a. Sai dai in faɗi gaskiya, ban yi kewar masu zama a kan mara lafiya suna lissafa waɗanda ciwon daji ya kashe ba, ko masu cewa jifa ne a nemi tsari, har mace ta ɓoye ƙullutu a ƙirjinta shekara guda don kada kishiya ta ji.

Yanzu saura ƙwaya da zan daɗe ina sha, da hoton binciken mama a asibiti duk shekara. Maganin ma kyauta ne ga mai ciwon daji a Ingila. Yayata da ta aiko da ƙullin garin magani ta hannun mai zuwa, na gode ƙwarai, ya iso. Yana nan cikin kabad, ban kwance ba.