Injin Triumph ko na Yamaha: wanne ya dace da firam ɗin Norton?

Ɗan'uwanmu na Agege a Legas ya ce ya sayi tsohon firam ɗin babur ƙirar Norton a hannun wani dattijo a Ebute Metta, da cokula (ƙarafan da ke riƙe tayar gaba) da tayoyi amma babu inji, yana neman shawara: Triumph 650 zai nema ko Yamaha XS650, tunda duka silinda biyu ne.

Alhaji, hoton da ka turo na ƙura masa ido sosai. Bututu biyun nan da suka taso daga wuya suka zagaye inji suka dawo, wannan firam ɗin da ake kira Featherbed ne, wanda Rex McCandless na Belfas ya ƙera, Norton ta fara tsere da shi a 1950. Ba ƙaramin abu ka tsinta ba. A ra'ayina shi ne dukiyar, injin baƙo ne da zai sauka a gidansa. Saboda haka ni ba ƙarfin doki nake fara dubawa ba, tunda kusan kunnen doki suke. Abin da nake dubawa shi ne wanne zai zauna ba tare da an kai wa firam ɗin wutar walda ba.

A nan Triumph ya yi wa Yamaha fintinkau. Tun shekarun 1950 da 1960 samarin Ingila suke wannan haɗin, har ya sami suna, Triton, rabi daga Triumph rabi daga Norton. Ɗan tseren babur na Ingila Dave Degens ma da irinsa ya ci tseren awa 24 na Basalona, ƙasar Sifen, a 1965. Hanya ce da aka riga aka share: farantan ƙarfen da ke riƙe inji da giya ana sayar da su a yanke, da ramukansu, ka ɗaura da noti kawai. Sai dai Triumph 650 iri biyu ne. Na kafin 1963 giyarsa daban take, sarƙa ce ke haɗa ta da inji, shi ne yake cika cikin firam ɗin tsaf kamar don shi aka yi. Na 1963 zuwa sama inji da giya a gida ɗaya suke, ya fi gajarta, sai ka ga fili ya rage. Idan ka ja shi baya don ya kusanci tayar baya, gaba ya yi sakayau. Idan ka tura shi gaba, sarƙa ta yi nisa da inda hannun tayar baya yake lilo, tana saki tana ɗaurewa duk ramin da ka faɗa. Ana yi, amma na farkon ya fi kwanciya.

Yamaha kuwa, wanda ya fito a 1970, a sama sandar da ke buɗe bawul take, shi ya sa kansa ya fi tsawo, ga nauyi. An sha saka shi a Featherbed, amma kusan komai kai za ka ƙirƙira. Za ka zauna da kwalin taliya da almakashi, ka yanka siffar kowane faranti, ka huda da ƙusa, ka gwada, ka sake, kafin ka kai wa mai sassaƙar ƙarfe. Kuma ga wata matsala da ba a lura da ita sai an zo ƙarshe: giyar Yamaha a ƙafar hagu take, birkin baya na Norton shi ma a hagu. Ƙafa ɗaya ba ta taka biyu. Dole ka ƙetarar da birki zuwa dama da sanda ko waya. Triumph na wancan zamani giyarsa a dama take, ya yi daidai da Norton, kai ne dai za ka sake koya wa ƙafarka, musamman idan da Bajaj ka saba.

To amma fa idan an gama haɗi aka zo zaman yau da gobe, labari ya juya. Yamaha baƙin mansa a cikinsa yake, ba ya neman tanki. Triumph sai ka samar masa tankin baƙin mai a ƙarƙashin kujera, da tiyo na zuwa da na dawowa, kuma gidan injinsa a tsaye aka raba shi, shi ya sa duk inda ya kwana sai ya bar shaida a ƙasa. Uwargida za ta yi magana, ka shirya tsohon farantin tarar mai. Yamaha daga 1972 yana da sitata. Triumph sai kik, kuma ranar da ya mutu maka a go-sulo a Oshodi, danfo na hura maka ƙaho a ƙeya, za ka gane bambancin. Sai batun sifana. Notin Yamaha na milimita ne, kowane bakanike a Idi-Araba yana da kayan kwance shi. Na Triumph awon Ingila ne na da: akwai wanda sifana 13 ba ta shiga, 14 kuma tana zamewa. Na taɓa barin nawa wurin wani yaro na je sallar La'asar, kafin in dawo ya cinye kan noti huɗu da filaya. Ka sayi saitin sifanarka tun kafin injin ya iso, kuma kada ka ba da aro.

Jijjiga duka suna yi, don fistin biyun tare suke hawa tare suke sauka. Shi ya sa ƙarfen da ke haɗa kan inji da wuyan firam ba ado ba ne, Featherbed yana dogara da shi, kowane inji ka saka kada ka bar shi. Sarƙa kuma duka a hagu take, amma ka ɗaure zare daga haƙoran baya zuwa na gaba ka tabbatar sun miƙe kafin a huda rami ko ɗaya.

Kayan gyara kada ka sa rai da kasuwar Ladipo, na kowanne daga waje za ka yi odarsu. Takardu ma ka tanada, na kwastan da rasit mai lambar inji da ta firam, domin tun da aka tsananta hana acaba a 2022 ba kowane jami'i ne zai tsaya ya bambance Triton da okada ba.

Da ni ne kai, Alhaji, Triumph na kafin 1963 zan nema, ko zai ɗauke ni shekara, in riƙa fita da shi ranar Lahadi da safe lokacin da titi yake sarari. Idan kuwa abin hawan kullum kake so mai silinda biyu, nemi XS650 da firam ɗinsa na asali, ko tsohuwar Honda Roadmaster irin ta iyayenmu, ka rataye Norton ɗin a bango, ka shafe shi da giris saboda iskar teku, har injinsa ya samu.