Tafiyar ƙaguwa a cikin garin Bauchi

Tun da na fara sana'ar tuƙi ban taɓa riƙe sitiyarin motar da ta ba ni mamaki irin GMC Hummer EV ba, wato a-kori-kurar nan mai aiki da lantarki wadda kamfanin General Motors na Amurka ya fara miƙa wa masu saye a ƙarshen shekarar 2021. Maigidana ne ya sayo ta, ni nake jan ta, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina a jikinta shi ne salon tuƙin da suka raɗa wa suna CrabWalk, wato tafiyar ƙaguwa.

Idan aka kunna shi motar na tafiya a hankali, tayoyin baya sukan juya su fuskanci inda na gaba suka fuskanta, har zuwa digiri 10, sai motar ta riƙa silalewa a karkace alhali hancinta na kallon gaba. Da farko na ɗauke shi abin burga, sai ranar wata Juma'a da muka je ɗaurin aure kusa da fadar Sarkin Bauchi. Muna fitowa muka tarar wata mota ta tsaya daf da gabanmu, masu Keke Napep sun cika baya, ga lambatu a hannun dama. Maigida ya ce, "Malam, ko mu jira mai motar nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, bari a gwada ƙaguwar." Na kunna, na karya sitiyari hagu, sai ga ƙatuwar motar da ta haura tan 4 tana zamewa zuwa tsakiyar titi, tayar baya ko gefen lambatun ba ta taɓa ba.

Nan take jama'a suka kewaye mu, aka shiga musu a kan sunan. Wani dattijo ya ce lallai injiniyan da ya ƙirƙiro abin ɗan masunta ne, shi ya sa ya tsallake zaki da damisa ya je ramin bakin kogi neman suna. Wani mai shayi ya rantse cewa an yi shi ne domin direbobi masu ƙaguwa da ba sa iya jira a cunkoson Wunti. Wani saurayi kuma ya ce nan gaba za a fito da tafiyar hawainiya, wadda za ta canza wa mota launi idan mai bin bashi ya tunkaro. Ni a ganina sunan bai cika daidai ba, domin ƙaguwa gefe sosai take tafiya, ita kuwa motar a karkace take ci gaba. Da a nan aka ƙera ta, da an kwatanta ta da dokin da ke taƙama a hawan sallah, kansa na kallon sarki, jikinsa na ratsewa gefe.

Sai dai duk lokacin da na tuna maganar caji sai murnata ta ragu. Batirinta ya haura kilowat-awa 200, wanda ke nufin janareta mai ƙarfin kilowat 5 sai ya yi awa 40 ko fiye yana ruri kafin ya cika shi, wutar unguwarmu kuwa ba ta zama. Dillalin da ya kawo motar ya yi alkawarin turo mai haɗa na'urar caji ta gida, ya karɓi kuɗin aikin, har yau babu shi babu dalilinsa. Saboda haka maigida ya so mu je Yankari da ita ranar hutu, dole na ba shi haƙuri muka ɗauki tsohuwar motar fetur, kuma wannan ya ƙona mini rai ƙwarai. Duk mai niyyar sayen irinta a Bauchi, ya tabbata an kafa masa na'urar caji ya ga tana aiki da idonsa kafin ya biya dillali cikon kuɗi.